Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Sabon Aiki

Kwanan baya ina zaune a ofis da hantsi, ina duba takardun ƙarin girma na malamai, sai masinja ya shigo ya ce ga wani malami yana sallama. Na ce ya shigo. Ashe wanda na sani ne ƙwarai, malamin lissafi ne a wata sakandare ta gwamnati da ke ƙarƙashin kulawata. Shekararsa 14 yana riƙe da alli, kuma ban taɓa zuwa duba makarantarsu na iske ajinsa ba malami ba. Bayan mun gaisa sai ya zaro wata takarda daga aljihu, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne ka sa mini albarka, an ba ni aiki a Abuja."

Na buɗe na karanta. Wata makaranta ce mai zaman kanta, ta ce za ta ba shi ₦220,000 a wata, ya ba da amsa cikin kwana bakwai. Shi kuwa abin da ke shiga hannunsa yanzu, bayan an cire na cirewa, ₦92,000 ne. Na dube shi, na ga har ya riga ya ɗaure kayansa a zuci. Na ce, "Malam, albarka ta Allah ce. Amma zauna tukuna mu yi lissafi, tun da dai lissafi ne sana'arka."

Abin da muka tattauna ran nan shi na ke so in shimfiɗa wa masu karatu, musamman malamai da akawuna, gama babu shekarar da za ta wuce ba a kawo mini irin wannan takarda ba. Amma bari in faɗi wani abu tun da fari, don kada a ce na ɓoye. Ni mai ruwa da tsaki ne cikin maganar. Duk malamin da ya tafi, ni za a tambaya wa zai maye gurbinsa, malamin lissafi kuwa ba a tsintarsa a hanya. Saboda haka mai karatu ya auna maganata da wannan.

Barin aiki don wani aiki ba yau aka fara ba. Manyanmu da suka fito daga Kwalejin Katsina da alli suka fara, sa'an nan aka yi ta janye su. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya daɗe a Midil ta Bauchi kafin siyasa ta ɗauke shi. Cikin shekarun 1950 kuwa, sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan don 'yan Arewa su riƙe ofisoshinta, sai ya zamana duk wanda ya iya Turanci da lissafi ana zawarcinsa. Malamin En'e ya koma aikin Gwamnati, akawun Baitulmali ya tafi kwas Zariya ya komo da sabon muƙami, kamfanonin sayen gyaɗa da auduga su ma suna kiran nasu. En'e dai an naɗe tabarmarta, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kammala wannan, amma zawarcin ma'aikaci yana nan, sai dai masu zawarcin ne suka sake: makarantun kuɗi, da ƙungiyoyin agaji, da bankuna, da masu ɗibar mutane zuwa ƙasashen waje.

Cikin mutanen dā akwai wanda hanyarsa ta fi ba ni sha'awa, watau Malam Abubakar Imam. Yana koyarwa a Midil ta Katsina aka yi aronsa zuwa Zariya a 1936, ya zauna tare da Dokta East ya rubuta Magana Jari Ce, ya gama ya koma ajinsa. Sai a 1939, da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama Editanta. Ka ga kafin ya bar Katsina ɗungum ya riga ya ɗanɗana aikin, ya san mutanen, ya san garin. Ba kowa ke samun wannan dama ba, amma wanda bai samu ya ɗanɗana da harshensa ba, ai sai ya ɗanɗana da tambaya.

Lambar da ke kan takarda

To, muka ɗauki takarda da alƙalami. Na ce masa, "Wannan ₦220,000, ita ce za ta shiga hannunka, ko kuwa kafin a cire haraji da fansho ne?" Ya yi shiru. Takardar ba ta faɗi ba, shi kuma bai tambaya ba. Nan take ya buga waya, aka ce masa jimla ce, abin da zai gani a banki wajen ₦190,000 ne. Kafin mu tashi daga layin farko ₦30,000 sun tafi.

Sa'an nan gida. A garinsu yana zaune a gidan gado, ba mai buga masa ƙofa a ƙarshen shekara. A can kuwa, ɗan'uwansa da ke Mararaba ya gaya masa ɗaki biyu irin wanda zai iya sa iyalinsa ba zai samu ƙasa da ₦600,000 a shekara ba, kuma a dunƙule a ke biya, ban da na dillali. In an raba, ₦50,000 ke nan a wata. Sai mota. Yanzu da ƙafa ya ke zuwa makaranta, a can kuwa zuwa da komowa ₦2,000 a yini, kwana 22 na aiki, ₦44,000. Ya rubuta, ya ɗebe da hannunsa, ya ga saura ₦96,000. Watau duk wannan ƙaura, da barin gida da dangi, a kan ₦4,000 za a yi ta. Ya ajiye alƙalami, ya ce, "Ashe!"

Ba mu ma taɓa gona ba tukuna. Malamin nan yana da gonar gero da dawa wadda kan ciyad da gidansa fiye da rabin shekara, domin in an tashi daga makaranta yakan leƙa ta da la'asar. Malamai da akawunan ƙauye da yawa ba su sa wannan cikin albashinsu, alhali kuwa albashi ne wanda ba a cire masa haraji, kuma tsadar kasuwa ba ta cinsa. Ran da mutum ya fara auna tsaba da kwano a birni, ran nan ya ke sanin darajar rumbunsa.

Lamba tana da ruɗi, dattawa kuwa sun ga haka da idonsu. Da aka yi ƙarin albashi na Udoji, wanda rahotonsa ya fito a 1974, aka biya mutane har da bashin watannin baya, kowa ya sayi rediyo da babur, amma ba a jima ba kasuwa ta tashi ta cim ma albashin. A zamaninmu mafi ƙanƙantar albashi ya tashi daga ₦18,000 a 2011 zuwa ₦30,000 a 2019, zuwa ₦70,000 a 2024. Lambar ta ninka kusan sau huɗu, amma wa zai rantse cewa kwandon cefanensa ya ninka? Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, wanda ke hawa mota kullum zuwa aiki ya ji a jikinsa, wanda ke tafiya da ƙafa bai ji kamarsa ba. Don haka tambayar ba nawa za a ba ka ba ce kaɗai, a'a, nawa zai rage, kuma in abubuwa sun motsa wa zai fi jin zafi. A lura kuma, dokar mafi ƙanƙantar albashi ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ƙananan makarantun kuɗi da yawa kuwa a nan su ke fakewa.

Abin da takarda ta yi shiru a kai

Da muka gama da lamba, sai na ce masa ya sake karanta takardar, wannan karon ya nemo abin da ba ta faɗi ba. Takardar ɗaukar aiki kamar cinikin doki ce, mai sayarwa yakan nuna maka gudu da kyan gashi, kai ne za ka buɗe baki ka duba haƙora.

Ba ta faɗi ko za a biya shi watannin dogon hutu ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama akwai makarantun kuɗi da kan biya rabi, akwai waɗanda ba su biya sam, suna cewa yara ba su biya kuɗin hutu ba. Ba ta faɗi awa nawa zai koyar a mako ba, ko da Asabar ciki. Ba ta faɗi abin da zai faru in ya kwanta ciwo ba. Abin da ta faɗi a fili, a layi na ƙarshe da ƙananan baƙaƙe, shi ne kwantiragin na shekara guda ne, "ana iya sabuntawa". Wa zai sabunta? Ai wanda ya rubuta takardar.

A nan ya kamata akawu da malami su san abin da doka ta tanada, su kuma san iyakarta. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu da ita a ke aiki, ta ce tilas mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika da farawa. Ta ce wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa, wanda likita ya shaida ba shi da lafiya kuma a biya shi har kwana 12 a shekara. Ta yanke tsawon notis na rabuwa: kwana ɗaya in aikin bai wuce wata uku ba, mako guda in bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama. Ku duba da kyau, mutumin da ya bar aikin shekara 14 ya shiga sabon wuri, in takardarsa ba ta faɗi wani abu da ya fi haka ba, a watansa na biyu ana iya sallamarsa da notis na yini ɗaya.

Ga kuma iyakar. Dokar nan ta ce wanda ta ke nufi da ma'aikaci shi ne mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu, ta fid da masu aikin mulki da na ƙwarewa. Watau akawu yana ƙarƙashin inuwarta, amma malami ko babban jami'i bai kamata ya jingina da ita ba, abin da ke cikin takardarsa shi ne garkuwarsa. Saboda haka duk alkawarin da aka yi maka da baki, na gida, ko na alawus, ko na ƙarin albashi bayan wata shida, ka ce cikin ladabi a rubuta. Mai niyyar cikawa ba ya jin nauyin rubutawa. In kuwa ka ga fuska ta ɓaci don ka nemi a rubuta, to, ka sami amsar da ta fi wadda ke cikin takardar.

Sai fansho, wanda saurayi kan yi wa dariya, ɗan shekara arba'in ya yi shiru. Tun 2004 aka sake tsarin, aka kuma gyara shi a 2014. A ƙarƙashinsa ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10, a wani asusu mai sunan ma'aikacin, wanda zai bi shi duk inda ya koma. Dokar ta wajabta wannan a kan kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye, ta kuma ce a yi wa ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza albashinsa na shekara uku ba. Abin tambaya ga sabon wuri shi ne, ana cirewa kaɗai, ko ana zubawa? Bambancin yana da girma, kuma tsohon ma'aikacin wurin ne zai gaya maka, ba mai makaranta ba. Ga ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma akwai wata tambaya ta biyu, domin ba duka jihohi suka koma sabon tsarin ba. Inda tsohon tsari ke nan, yawan shekarun aikinka da albashinka na ƙarshe su ke yanke fanshonka da garatutinka. Kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, ka je ofishin fansho a lissafa maka abin da shekarunka suka tara, da abin da za su zama in ka ƙarasa. Malamai kuma su tuna dokar 2022 ta kai ritayarsu shekara 65 da haihuwa ko 40 da aiki, maimakon 60 da 35 na sauran ma'aikata, sai dai kowa ya bincika ko jiharsa ta bi.

Kada a ce ina wanke aikin gwamnati. Masu cewa shi ne dutsen da ba ya motsi sun manta 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, waɗansu ta rediyo suka ji sunansu. Sun manta jarrabawar da aka yi wa malaman firamare a Jihar Kaduna a 2017, wadda bayanta aka sallami fiye da 21,000. Akwai kuma ƙarin girma na takarda wanda kuɗinsa ba ya biyo shi shekara da shekaru, malamin nan da kansa yana da irinsa guda biyu. Amma kamfani ma ba dutse ba ne. Da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, aka yi ta buɗe waɗansu bayanta, aikin masaƙa ya zama abin alfahari a Kaduna, har a kan bar wani aiki dominsa. Kafin 2007 ta ƙare yawancin manyan masaƙun nan sun rufe ƙofa. Babu inuwar da rana ba ta kewayowa, abin dubawa shi ne in ta kewayo me za ka fita da shi.

Game da binciken mai ba da aikin ba sai na daɗe ba, gama kowa ya san yadda a ke binciken gidan da za a nemi aure. Ka nemi wanda ke aiki a wurin, ka fi neman wanda ya bari. Ka tambayi ranar da a ke biyan albashi, ba ranar da aka ce ana biya ba. Ka tambayi malamai nawa suka riƙe wannan aji cikin shekara uku, in an ce huɗu, ai ruwa ba ya tsami banza. In kuwa aka ce ka kawo kuɗi kafin a ba ka takardar, ko ta gwamnati ce ko ta ƙasar waje, ka naɗe tabarmarka. An sha ganin mutum ya sayar da gona ya sayi takarda mai hatimi, ya je kama aiki aka ce ba a san da shi ba. Kwana bakwai ɗin nan ma kada su firgita ka. Wanda ke bukatarka da gaske zai ƙara maka mako in ka roƙa.

Na tambaye shi, "Malam, ka gaya wa maiɗakinka?" Ya ce yana jira sai ya sa hannu ya yi mata albishir. Na ce wannan ba albishir ba ne, hukunci ne. Ita ce za ta bar 'yan'uwanta da 'yar sana'arta ta ƙuli-ƙuli, ta zauna a ɗakin haya inda a ke sayen ruwa da jarka. Ga kuma mahaifiyarsa, wadda shi ke kai ta asibiti. Waɗannan ba su shiga lissafin alƙalami, amma na ga mutane fiye da ɗaya sun komo gida bayan shekara ba don albashi ya gaza ba, sai don gida ya ƙi zama.

To, da na tsaya a nan da na zalunce shi, na kuma yi wa ofishina aiki da sunan nasiha. Akwai ɗaya gefen sikelin, kuma yana da nauyi. Malamin nan ajinsa yara sun fi 90, ba ya iya duba littafin kowa ko da ya kwana yana yi. A can an ce masa 25 ne, da kayan aiki, da kwas kowace shekara. Shekararsa 38, in bai motsa yanzu ba, nan da shekara goma ba mai aiko masa da takarda. Kuma ba kowane tashi ne a ke aunawa da kuɗi ba. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru a ƙarshen 1950 ya shiga siyasa, ba don an yi masa tayin albashi mafi tsoka ba, sai don ya san abin da ya ke so ya yi da rayuwarsa. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Na sha ganin malamin da tsoro ya zaunar, ya tsufa yana jin haushin yara da hedimasta da kansa, irin wannan zama kuwa ba ya amfanin makaranta. Abin da na ƙi shi ne sakin na hannu don kamun na guje ba tare da an dubi ƙafafun na gujen ba.

Muka shirya takarda tare, gajeriya, da ladabi. Ya gode musu, ya roƙi a ƙara masa mako guda, ya nemi a bayyana masa abu huɗu a rubuce: albashin hutu, da gida, da tsawon kwantiragi, da kuɗin makarantar 'ya'yansa. Na kuma gargaɗe shi kada ya ajiye aikinsa sai amsa ta zo hannunsa, in ta zo kuma ya ba da notis na wata guda yadda ƙa'ida ta ce, ya miƙa rajista da littattafai, kada ya ɓace dare ɗaya kamar yadda waɗansu kan yi, gama takardar shaida daga tsohon wuri ana nemanta ko bayan shekara ashirin. Ya ce zai yi istihara, ya kuma yi shawara da gida. Na ce wannan shi ne daidai.

Bayan kwana goma ya komo. Sun yarda da cikakken albashi lokacin hutu. Sun ba shi ɗaki biyu cikin harabar makaranta, watau haya da mota, ₦94,000 ɗin nan, sun komo aljihunsa. Yara biyu za su yi karatu a kan rabin kuɗi. Kwantiragi kuwa sun ce shekara biyu, ba za su wuce haka ba. Ya je ofishin fansho an nuna masa abin da zai rasa, ba kaɗan ba ne. Ƙanensa ya ɗauki gona da kula da tsohuwa, maiɗakinsa ta ce in dai cikin makaranta za a zauna ta amince. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu na san abin da na saya da abin da na sayar." Na karɓi takardar notis ɗinsa na sa hannu, na yi masa addu'a.

Ya tafi a ƙarshen zangon karatu. Na rubuta wa hedikwata sau biyu ina neman malamin lissafi, har yanzu ba a aiko ba. Malamin kimiyya ne ke riƙe da aji uku nasa a kan nasa, jarrabawar fita kuwa saura wata biyar.